Ɗan Gidan Wane Ne? Gwanintar Masu Gadin Ƙofar Imel

A kasuwar kara, idan baƙo ya shigo da sa zai sayar, masu saye ba sa fara duba haƙoran dabbar ko taɓa tozonta. Abin da suke fara tambaya shi ne, wa ya san ka a nan? Baƙon sai ya ambaci fatomansa. Wanda ya daɗe a harkar ba ya tsayawa a nan, domin kowa yana iya kama sunan babban mutum. Sai ya aiki yaro wurin fatoman ya jiyo daga bakinsa: wannan mutumin da gaske baƙonka ne? In maganar baƙo da ta fatoma suka zo ɗaya, sai a shiga ciniki. In suka saɓa, kowa ya riƙe kuɗinsa, don kada a wayi gari da san sata a turke.

Irin wannan tambaya mai hawa biyu ce ke aiki dare da rana a ƙofar akwatin imel ɗinka, kafin saƙo ya iso inda idonka zai gan shi. Masu kula da sabobin wasiƙu, wato manyan kwamfutocin da ke karɓa da isar da imel, suna kiran ta rDNS a taƙaice. Ni zan kira ta bin sawun lamba, domin abin da ake yi ke nan: a ɗauki lambar kwamfutar da ta ƙwanƙwasa ƙofa, a bi sawunta a ga gidan da ta fito. Na daɗe ina sha'awar wannan dabara, na kuma fi sha'awar mutanen da suka iya amfani da ita ba tare da sun zalunci kowa ba.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina imel tun farko. A shekarar 1982 Jon Postel, wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, ya rubuta ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP. A lokacin masu amfani da hanyar sadarwar 'yan kaɗan ne, galibi malaman jami'a da masu bincike, kusan kowa ya san kowa. Shekara 4 kafin nan, a 1978, da wani ma'aikacin kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kwamfuta ga mutum kusan 400 a lokaci ɗaya, tsawatarwa kawai aka yi, abin ya lafa. Don haka ƙa'idar ta ginu a kan yarda. Sabar da ta kawo saƙo takan haɗu da ta mai karɓa a ƙofa mai lamba 25, ta yi sallama ta faɗi sunanta, ta faɗi wanda ya aiko, ta faɗi wanda aka aiko wa, sannan ta zube saƙon. Duk waɗannan maganar baki ce. Ba abin da ke hana ta cewa sunanta na wani babban banki ne, ko cewa wasiƙar daga shugaban ma'aikatarku take.

Abu ɗaya ne baƙuwar ba ta iya yin ƙarya a kansa cikin sauƙi: lambarta ta IP. Dalili kuwa, hirar kai-komo ce. Kafin a miƙa komai sai ɓangarorin biyu sun gaisa, kuma duk amsar da mai karɓa zai bayar ga wannan lambar take tafiya. Wanda ya ba da lambar bogi ba zai ji amsa ba, hirar ta mutu a nan. Saboda haka mai gadi yana da gaskiya guda ɗaya tak a hannunsa, sauran duk da'awa ce. Gwanintar ta fara ne daga gane cewa a kan wannan gaskiya ɗaya za a ɗora komai.

Kundin sunayen intanet, DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, aikinsa na yau da kullum shi ne ka ba shi suna ya ba ka lamba. Duk sanda ka buga sunan wani shafi a wayarka, shi ake tambaya. Amma a cikinsa akwai wani reshe da aka keɓe don akasin haka, ka ba da lamba a ba ka suna. Sunan reshen in-addr.arpa, gadon hukumar binciken tsaro ta Amurka, ARPA, wadda ta ɗauki nauyin hanyar tun farko. Yadda aka tsara shi yana burge ni. A ce lambar ita ce 192.0.2.25. Sai a juya ta, a karanta daga ƙarshe zuwa farko, ta koma 25.2.0.192.in-addr.arpa, sannan a nemi bayanin da ake kira PTR a ƙarƙashin wannan suna. Me ya sa ake juyawa? Lambar IP kamar lambar waya take, babban yanki ne a gaba, kamar yadda 234 ke zuwa kafin sauran lambobin Nijeriya. Suna kuma a intanet kamar adireshin gida yake, ƙarami a gaba, gida, unguwa, gari, sannan ƙasa. Da aka juya lambar sai ta shiga sahun sunaye, aka samu damar raba ikon kula da ita daki-daki, daga sama zuwa ƙasa.

Wannan rabon iko shi ne zuciyar al'amarin. Hukumar IANA ce ke saman bishiyar, ita ta raba manyan rukunan lambobi ga cibiyoyi 5 na yankunan duniya. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Moris, wadda aka amince da ita a 2005, kuma lambobin da suka fara da 41 ko 102 ko 105 ko 197 daga hannunta suke fitowa. Ita kuma takan ba kamfanonin sadarwa nasu kason, tare da ikon rubuta sunan kowace lamba a ciki. Ke nan wanda ya mallaki lamba shi ke rubuta PTR. Wanda ya sayi suna, ko da a ƙarƙashin .ng ne da NiRA ke kula da shi, ikonsa a kan sunansa ya tsaya. Makullai biyu ne a hannun mutum biyu daban.

To, idan saƙo ya ƙwanƙwasa, mai gadi yakan yi tambayar farko: wannan lambar, mene ne sunanta? A ce an amsa masa da mail.example.com. Wanda bai ƙware ba zai buɗe ƙofa a nan. Gwani ya san mai lambar yana da ikon rubuta duk sunan da ya ga dama, har da na bankin da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Sai ya aika yaro wurin fatoma, wato ya je kundin masu wannan suna ya tambaya: mail.example.com, wace lamba ce taku? Idan 192.0.2.25 na cikin amsar, magana ta zo ɗaya. Idan babu ita, ƙarya ta ƙare, ramin nata dama ƙurarre ne. Macucin yana iya rubuta sunan banki a kundinsa, amma ba shi da alƙalamin da zai rubuta lambarsa a kundin banki. Duk wannan kai-komo yakan kammala cikin ƙiftawar ido, tun kafin a karɓi harafi ɗaya na wasiƙar.

Ba a kan imel aka fara wannan ba. Wietse Venema, ɗan ƙasar Holan, ya saka irin wannan tambaya mai hawa biyu a cikin manhajar tsaro ta TCP Wrapper da ya rubuta a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a 1990, lokacin da wani mai kutse ya addabi kwamfutocinsu. Da ya koma aiki da IBM ya fitar da Postfix a ƙarshen 1998, ɗaya daga cikin manhajojin sabar wasiƙu da aka fi amfani da su har yau, sai dabarar ta biyo shi. A 1996 kuma wata takardar jagora ta injiniyoyin intanet, RFC 1912, ta riga ta shawarci kowa ya tabbatar sunan kwamfutarsa da lambarta suna nuna juna.

Ranar wannan dabara ta zo ne sosai bayan 2003. A shekarar ce ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Sobig ta bazu, tana mayar da kwamfutocin gidajen mutane bayin masu aika tarkacen saƙonni. Mutum yana barci, kwamfutarsa tana watsa tallar magungunan bogi zuwa ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Aka yi ta samun rundunonin irin waɗannan kwamfutoci, kamar Rustock da Microsoft ta jagoranci rusawa a watan Maris na 2011. Toshe su ɗaya bayan ɗaya kamar kwasar ruwa ne da rariya. Amma suna da tabo ɗaya da ba su iya ɓoyewa. Layin gida ko dai ba shi da PTR sam, ko kuma sunansa na jeri ne da injin kamfanin sadarwa ya buga wa dubban layuka, lambar ce a ciki tare da guntayen kalmomi irin su dsl, dyn, pool ko cable. Ƙwayar cutar tana iya mallake kwamfutar gaba ɗaya, ta karanta komai ta aika komai, amma kundin lambobin yana ofishin kamfanin sadarwa, hannunta ba ya kaiwa can.

Na taɓa zama kusa da wani mai kula da sabar wata ma'aikata yana duba rajistar da injin ke rubutawa, layuka suna gudu a allo kamar ruwan sama. Ni ban ga komai ba sai tarin lambobi. Shi kuwa yana karanta su kamar yadda maharbi ke karanta sawu a jeji. Ya nuna wani layi ya ce, wannan layin gida ne, duba yadda lambar ta maimaitu a cikin sunan. Ya nuna wani da Postfix ta rubuta wa kalmar unknown, wato ba a san shi ba, ya ce wannan ya yi sallama da sunan babban kamfani amma ba shi da ko suna a kundi. Sai ya tsaya a kan na uku, shi ma unknown ne, ya daɗe yana kallo. Ya ce, wannan kuma mutanen kirki ne, wata ƙaramar makaranta ce da muke hulɗa da ita, ba su dai gyara kundinsu ba ne. Ya saka lambarsu a jerin waɗanda aka yafe wa, sannan ya ɗauki waya ya kira mai kula da kwamfutocinsu ya gaya masa abin da zai nema a wurin kamfanin da ya ba su layi. Wannan kiran wayar ya fi duk abin da na gani a ranar burge ni.

Domin kunna wannan bincike layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, yaro ma zai iya kwafowa ya liƙa. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin nauyin da za a ba amsar. Postfix kanta ta ba da mataki biyu: mai sauƙi, wanda ke korar lambar da ba ta da suna kwata-kwata, da mai tsauri, wanda ke korar har wadda sunanta bai dawo kanta ba. Mai tsaurin yana kama ɓarayi da yawa, yana kuma haɗawa da bayin Allah da yawa. Shi ya sa gwani ba ya fara kora. Yakan saka dokar a yanayin gargaɗi kawai, injin ya riƙa rubuta wanda da an kora amma ya bar shi ya wuce, a yi mako ɗaya ko biyu, sannan ya zauna ya duba su wane ne za su shiga tarkon. Wasu ma ba sa korar kowa a kan wannan dalili shi kaɗai. Sukan bar wa manhajar tace saƙonni irin SpamAssassin, wadda ke ba kowace alamar tuhuma maki, rashin PTR ya zama ɗaya daga ciki, sai jimillar ta kai 5 kafin a yi wa saƙo tambarin shara. Ita kanta ƙa'idar SMTP da aka sabunta a 2008 ta yarda a binciki sunan da baƙo ya yi sallama da shi, amma ta hana a ƙi wasiƙa don kawai sunan sallamar bai dace da lambar ba. Waɗanda suka rubuta ta sun san garin gyaran gira ake rasa ido.

Sai kuma maganar yadda ake cewa a'a, wadda a ganina nan ce ƙololuwar hikimar. A yaren sabobi ƙi iri biyu ne. Amsa mai lamba 550 tana nufin tafi kada ka dawo. Mai lamba 450 tana nufin yanzu ba dama, ka sake zagayowa. Haka ma rashin samun suna iri biyu ne. Wani lokaci kundin yakan amsa sarai cewa babu wannan suna. Wani lokaci kuma shiru ake ji, ko don layi ya yanke, ko wuta ta ɗauke a inda kundin yake, abin da mu a nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shiru ba shaida ba ce. Venema ya gina Postfix ta yadda in dai tangarɗar wucin gadi ce ta hana samun amsa, 450 za ta ce, ko da mai sabar ya saita ta a kan tsanani. Sabar gaskiya tana da haƙuri, takan ajiye wasiƙar ta yi ta sake gwadawa har kwana 4 ko 5, kafin nan an gyara abin da ya lalace, saƙo ya shiga ba wanda ya san an yi. Injin masu shara kuwa galibi harbi ɗaya yake yi ya wuce gaba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da amsa ɗaya mai laushi an ba mai gaskiya dama, an kuma sallami maras gaskiya.

Akwai wasu ƙananan ladubba da ake gane gwani da su. Ba ya yi wa mutanen gidansa tambayar baƙi: ma'aikacin da ke aika wasiƙa daga wayarsa ko daga otal yana shigowa ta wata ƙofa daban, mai lamba 587, da sunansa da kalmar sirrinsa, ba ruwan kowa da PTR ɗin layin da ya hau. In zai ƙi saƙo, a bakin ƙofa yake ƙi, lokacin da mai kawowa yake tsaye, yana kuma faɗin dalili a fili don wanda abin ya shafa ya san me zai gyara. Ba ya karɓa sannan daga baya ya mayar, domin adireshin da ke jikin wasiƙar shara yawanci na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi za a je a jibge wa. Yana kuma barin akwatin postmaster a buɗe, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, don wanda aka kora bisa kuskure ya samu inda zai kai kuka.

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin shiga shi ne ɗaukar bin sawun lamba a matsayin shaidar wanda ya rubuto wasiƙa. Ba haka ba ne. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne cewa kwamfutar da ta kawo saƙon tana da gida sananne, kuma mai lamba da mai suna sun san da zamanta. Ɗan aike ake tantancewa. Kamfanoni da yawa Google ko Microsoft ke ɗaukar musu wasiƙa, don haka sunan sabar ba zai taɓa zama ɗaya da sunan da ke bayan alamar @ ba, kuma wanda ya ce sai sun dace zai kori rabin abokan hulɗarsa. Tantance mai wasiƙar aikin wasu dabaru ne da suka zo daga baya, SPF da DKIM da DMARC. Haka kuma ɗan damfarar da ya yi hayar saba ya sayi suna zai iya gyara kundinsa tsaf ya wuce wannan shinge, wanda ya sace asusun Gmail na wani ma ta babbar ƙofa zai shigo. Duk da haka shingen bai zama banza ba. Ya tilasta wa macuci kashe kuɗi da barin sawu, suna da lamba tsayayyu waɗanda ƙungiyoyi irin Spamhaus za su iya sakawa a jerin baƙin littafi. Kuma shi ne mafi arha a cikin dukkan matakan, tambaya biyu gajeru, kafin a ɓata wuri ko lokaci wajen buɗe saƙo.

Sabon tsarin lambobi na IPv6 ya ƙara wa dabarar ƙarfi. Lambarsa tana da gurbi 32, ana juya su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ip6.arpa, kuma kason da ake ba layi guda yana ɗauke da lambobi fiye da biliyan biliyan 18. Ba kamfanin da zai zauna ya raɗa wa kowace suna. Saboda haka lambar da aka samu da PTR a wannan teku, alama ce cewa wani ya zauna da gangan ya ce wannan sabar tawa ce, na tsaya mata.

Abin da a da yake zaɓin kowane mai gadi yanzu ya zama sharaɗi. Tun watan Fabrairu na 2024, Google da Yahoo suka sa dacewar suna da lamba, gaba da baya, cikin abubuwan da suke buƙata daga masu aiko musu da wasiƙa, tare da ƙarin sharuɗɗa ga masu aikawa da yawa, wanda a wurin Google ya fara daga saƙo 5,000 a rana. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jami'a ko asibiti ko kamfani a Kano ko Maraɗi da ya kafa sabarsa, ya sayi suna mai kyau, ya ga wasiƙunsa suna dawowa ko suna faɗawa kwandon shara, sau da yawa ba wani mugun abu ya yi ba. Rabin aikin ya yi, ɗaya makullin yana hannun kamfanin da ya ba shi layi ko ya ba shi hayar sabar, kuma ba wanda ya gaya masa ya nema. Ko da lambobi 8 ko 16 kawai aka ba ka, tun 1998 akwai hanyar da aka tsara a RFC 2317 ta miƙa maka ikon rubuta sunayensu da kanka.

Kai ma kana iya gwadawa yau. A kwamfuta mai Windows buɗe wurin buga umarni ka rubuta nslookup 8.8.8.8, za ka ga sunan dns.google ya fito. Ka sake tambayar wannan sunan, za ka ga 8.8.8.8 a cikin amsar. In kai ne ke kula da sabar wasiƙun ma'aikatarku, yi wa lambarku irin wannan tambaya biyu kafin ka tashi aiki. In amsar ba ta zo ɗaya ba, rubuta wa kamfanin da ya ba ku lambar, ka faɗi ainihin sunan da kake so a saka a PTR, ka kuma tabbatar sunan yana nuna lambar a naku kundin. Ku kuma injiniyoyin kamfanonin sadarwa, idan irin wannan buƙata ta zo teburinku, don Allah kada ku bar ta ta kwana, aikin minti 5 ne, kuma wasiƙun ma'aikata guda suna jiran sa.